Kocin da ya sauka saura nasara ɗaya ya cika 400



Duk lokacin da hirar ƙwallo ta taso a majalisarmu, da yawan kofuna muke auna koci. Labarin Bob Ladouceur ya sa mun fara tababar wannan ma'auni namu.

Ya kasance malamin darasin addini a makarantar sakandare ta De La Salle da ke garin Concord a jihar Kalifoniya. A 1979 aka damƙa masa ƙungiyar makarantar ta ƙwallon ƙafar Amurka, irin wadda 'yan wasa ke sa hular kwano su rungumi ƙwallo su ruga da gudu. Daga 1992 zuwa farkon kakar 2004, yaransa sun ci wasa 151 a jere, kafin makarantar Bellevue ta jihar Washington ta doke su. Har fim aka yi a kan labarin a 2014.

Dabararsa ba boyayya ba ce. Kowane mako yaro zai rubuta a kati abin da ya yi alkawarin cikawa a atisaye da ranar wasa, ya karanta a gaban 'yan uwansa, sannan ya miƙa wa ɗayansu. Mako na zagayowa, wannan abokin ne zai tashi ya faɗa ko an cika alkawari. Kun ga ke nan kunyar ɗan uwa ce ke riƙe yaro, ba tsawar malam ba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne saukarsa. A Janairun 2013 yana da nasara 399, saura ɗaya tal ya cika 400. Sai ya ajiye muƙamin, tsohon ɗalibinsa Justin Alumbaugh ya karɓa, shi kuma ya koma mataimaki a ƙarƙashin yaron da ya rena.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne za mu iya haka? Muna da masu horar da yara a filayen unguwa, muna da malamai da masu riƙe da amanar jama'a. Sau da yawa sai mutum ya tafi ake gane bai bar magaji ba, aikin shekaru ya watse a wata guda.

Wanda ke riƙe da wani abu a cikinmu, ya duba bayansa tun yau ya ga wa yake koya wa.

Allah ya sa mu gama lafiya.