Lalle da Bugambiliya a Ƙasar Bagudo

Lalle da bugambiliya duk suna jure ranin ƙasar Bagudo, daga Illo da Ka'oje har bakin iyakar Benin a Tsamiya da Lolo, amma ba buƙata ɗaya suke biya wa mai gida ba.

Lalle tsohon ɗan gida ne. Ana shuka irinsa ko a dasa reshe da faɗuwar damina, wajen watan Yuni, in ya kama kuwa ya gama neman taimako. Furensa ƙanana ne, farare, ba sa jan ido daga nesa, sai dai ƙamshinsu kan cika tsakar gida. Ganyen a shanya, a daka, mata su yi ƙunshi, kuma yawan yanka ƙara masa tofo yake yi. Dattawan da suka ga zamanin danga sun san yadda aka rabu da shi: siminti ya zo, aka sare lalle don a ja katangar bulo, a gidaje da dama ko gindi ɗaya ba a bari ba. Yau jikokinsu garin lalle suke saye a leda, ko su shafa dayis mai ƙona fata.

Bugambiliya baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. A Brazil wasu Faransawa masu yawon teku suka ci karo da ita a shekarun 1760. Abin da ake ɗauka fure, ja ko shunayya, ganye ne da ya rine. Furen gaske fari ne ɗan mitsitsi a tsakiya, ba ƙamshi. Halinta ne ke ruɗa masu sabon gida, don rana take so da ƙishi, da rani take fitar da kyanta. Sai mutum ya sa yaro ya riƙa banka mata ruwa da taki safe da yamma, ta saka masa da ganye da ƙaya, ya koma zagin wanda ya sayar masa. A fadamar bakin Kwara, inda ruwa kan kwanta, saiwarta ruɓewa take yi. Jigawa ce wurinta.

Duk da haka ba a hana ta yabonta. Lokacin da hunturu ya busar da komai, ita ce ke rufe katanga da launi, kuma ƙayarta ta fi fasassun kwalabe hana mai tsallake. Kuɗin hakan shi ne shara kullum da yanka duk shekara, ga yara masu yawo ba takalmi. Shi ma lallen in ya tsufa ƙaya yake yi, masu kewarsa ne kawai ba sa faɗa.

Katangar da aka sare lalle dominta ba ta hana a mayar da shi ba: taku biyu daga gindinta sun isa, muddin rana na samun wurin. Ko wanne aka dasa, sai an kewaye shi da kara ko waya a shekarar farko saboda awaki.