Ƙasar da hadari ba ya haɗuwa

Na sauka Lima, babban birnin Peru, a watan Agusta, lokacin da na baro marka a Kano. Sama a lulluɓe take, toka-toka, sai na ce wa mai masaukina mu hanzarta kada ruwa ya tsare mu. Ya ce in kwantar da hankalina, haka za ta wuni, haka za ta kwana. Mako guda na yi ina ɗaga kai, ko tsawa ban ji ba. Abin da ke sauka wani yayyafi ne siriri da suke kira garuwa, wanda iyakarsa ya jiƙa wa mutum gira. Gidaje da yawa ko indararo babu. Ga birni mai mutum kusan miliyan goma a gaɓar tekun Fasifik, amma ruwan shekararsa bai kai na yammaci ɗaya a garinmu ba.

Kaina ya ɗaure. Lima na kan digiri 12 kudu, Kano na kan digiri 12 arewa, ga ruwa kuma iya ganin ido. Sai da na tsoma ƙafa a tekun na fara ganewa: sanyi ƙarara, kamar ruwan randa da asubahin hunturu. Wata igiyar ruwa ce mai suna Humboldt ke gangarowa daga kudu, iska kuma tana tono ruwan ƙasan teku zuwa sama. Iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi nauyi gare ta, ba ta tashi, kuma in ba ta tashi ba hadari ba ya haɗuwa.

A tsaunukan kudancin birnin na ga abin da ya burge ni ƙwarai. An kafa raga tsakanin sanduna biyu, kamar an shanya koma. Hazo yana ratsa ta, ɗigo na bin zare har cikin bututu, daga nan sai tanki. Da wannan ruwan wata dattijuwa take shayar da lambunta. Na tara hannu na sha.

Daga nan na yi arewa zuwa Chan Chan, tsohon birnin laka na mutanen Chimu, kusa da Turuhiyo. Da ganin katangun sai ganuwar Kano ta faɗo mini, sai dai su an zana musu kifaye da tsuntsaye. An gina rumfuna a kansu. Na tambayi dalilin rumfa a ƙasar da ba ruwa, aka ce saboda El Nino.

Wani masunci a Wanchako, mai kwalekwalen ciyawa, shi ya warware mini ta bakin tafinta. Ya ce wata shekarar, wajen Kirsimeti, in ka sa hannu sai ka ji teku ya yi ɗumi, kifi ya ɓace. Kakanninsu suka raɗa masa El Nino, wato Yaron, don tunawa da haihuwar Annabi Isa. Iskar da ke kora ruwan ɗumi yamma ce take yin rauni, sai ya dawo, hadari ya biyo shi. A 1998 an yi ruwan da har tafki ya kwanta a hamadar Sechura, yayin da ƙasashen can tsallaken teku irin su Indunusiya suka sha fari.

Da aka ambaci 1972, shekarar da kamun ƙananan kifinsu ya durƙushe, sai gabana ya faɗi. Mahaifina bai taɓa daina ba da labarin farin 1973 ba, yadda gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Daminarmu daga tekun Gini iska ke ɗauko ta. In ruwan kudancin Atilantika ya fi na arewacinsa ɗumi, hadari kan maƙale a can, El Nino kuma sau da yawa yana ƙara rage mana rabo.

Na ce wa masuncin: "Baba, garinmu ya yi kilomita dubu daga teku." Ya jinjina kai, ya kama hannuna ya tsoma a ruwa. Da sanyinsa. Ya ce bana akwai kifi, ya saɓa kwalekwalensa a kafaɗa.