Bindiga Mai Sakata da Ƙorafin Maharba

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin Amurka da yawa sun koma gida da wata irin tsaraba: bindigogin Jamus ƙirar Mauser K98k da suka tsinta a fagen fama ko a rumbunan makaman da aka ƙwace. Bayan su sai 'yan kasuwa suka shiga kwaso rarar bindigogin soja daga Turai jirgi-jirgi suna sayarwa da araha, har ta gidan waya ake aika wa mutum tasa, kafin wata doka ta 1968 ta toshe wannan hanya. Duk wanda ya samu ɗaya, in dai farautar barewa ce a ransa, shagon maƙerin bindiga yake fara nufa. Buƙatun kuma kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. A datse katakon nan, a cire maƙalin wuƙa, a ƙara lanƙwasa hannun sakata, a sauya makullin da ke hana bindiga tashi, a huda ramukan ɗaura madubin saiti, a sassauta kunama. Maƙeran ƙananan garuruwa sun daɗe suna cin abinci da wannan aiki. Abin da manyan masana'antu suka yi ta fitarwa daga baya da sunan sabon yayi, akasarinsa yana cikin abin da maharbi ya lissafa wa maƙeri yana tsaye a bakin shago.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan bindiga ba, sakatarta wata sandar ƙarfe ce a bayan bututu, da ɗan hannu a gefenta, tana aiki kamar sakatar ƙofa. Ka ɗaga hannun ka jawo baya, kwanson da aka harba ya yi tsalle waje. Ka tura gaba, ta ɗauko sabon harsashi ta cusa a maƙogwaron bututu, ka danna ƙasa ta kulle. Sojojin Prussia ne suka fara karɓar irinta a 1841, ƙirar Dreyse. Amma wadda ta zama uwa ita ce ta Paul Mauser na garin Oberndorf, wadda sojan Jamus ya karɓa a 1898 da sunan Gewehr 98. Haƙora biyu gare ta a gaba masu kulle sakata, da na uku a baya don ko-ta-kwana. Tana da ƙofofin da iskar albarushi za ta bi ta fita in kwanso ya fashe, don kada ta doki idon mai harbi. Sai kuma wata doguwar ƙugiya mai faɗi a gefen sakatar, wadda ke cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga gidansa, ba ta saki sai ta jefar da kwanson. Amurkawa sun kwaikwayi wannan ƙira a bindigarsu ta Springfield ta 1903, har sai da suka biya kamfanin Mauser kuɗin fasaharsa.

Sai dai don soja aka yi ta. Gewehr 98 ta haura kilo 4, tsawonta mita ɗaya da kwata, kunamarta kuma mai tauri ce da gangan, don kada ɗan ƙauyen da aka ɗauka aikin soja jiya ya harbe na gabansa a sahu.

Ƙorafin farko mai ƙarfi daga Afirka ya fito, daga Turawan da suka kafa gonaki ko suke farauta a gabashin nahiyar. Harsashin da aka auna da jikin ɗan'adam bai cika tsayar da ɓauna ba. A 1905 wani maƙerin Berlin, Otto Bock, ya fitar da 9.3x62, harsashi mai nauyi da sakatar Mauser ta yau da kullum ke ɗauka ba tare da an tsawaita ta ba, shi ya sa manomi mai ƙaramin ƙarfi ya iya mallakarsa. A Landan kuwa kamfanin Rigby, wanda shi ne wakilin Mauser a Ingila, ya sa an ƙera masa doguwar sakata mai ɗaukar manyan harsasai, ya fito da .416 Rigby a 1911. Holland & Holland suka biyo da .375 a 1912, wanda har yau wasu ƙasashen Afirka da shi suke auna mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari giwa ko ɓauna da shi. Akwai dalilin da ya sa waɗannan kwansuna suka zo da faɗin ciki ko da siffar tsini. Albarushin Ingila na wancan zamani zafin rana yana ƙara masa ƙarfi, sai kwanso ya kumbura ya liƙe a maƙogwaro. Mutumin da ɓauna mai rauni ta taso masa, sakata kuma ta ƙi buɗuwa, sai dai a je a kwaso shi. A nan ƙugiyar Mauser ta yi suna, domin ta kan fizgo kwanson da ƙaramin farce zai zame a kansa.

Ba kowa ya yarda da zancen babban harsashi ba. W.D.M. Bell, ɗan Scotland da ake wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwaye kimanin 1,000, yawancinsu da ɗan ƙaramin .275 Rigby, don ya san daidai inda ƙwaƙwalwar giwa take. Marubutan farauta suna ambatonsa da sha'awa. Ni dai ban ga abin sha'awa a tulin hauren da ya kwasa ba, ko da yake ƙwarewar tasa ba a musunta.

Maharbin ƙasar Hausa ba a ji bakinsa a wannan muhawara ba, kuma da dalili. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, wanda ƙasarmu ke cikinsa, aka bar wa 'yan ƙasa bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa. Saboda haka maharbanmu suka ci gaba da bindigar toka da kwari da baka. Mai sakata kuwa a hannun soja da ɗan sanda aka san ta, Lee-Enfield mai harsashin .303, irin wadda tsofaffin da suka je yaƙin Bama suka saɓa.

Abu na biyu da ya tayar da ƙura shi ne madubin saiti. Da ya yi araha a shekarun 1930, musamman na kamfanin Weaver, sai aka tarar tsohuwar bindiga ba ta shirya masa ba. Hannun sakata yana dukan madubin in an ɗaga, makullin Mauser mai kaɗawa ta sama ba shi da wurin juyawa, ƙotar kuma an sassaƙa ta ne don idon da ke ƙasa-ƙasa, sai mutum ya ɗaga kunci daga katako kafin ya ga komai. Shi kansa madubin, hazo yake yi ta ciki in an fito da shi daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyi, sai a ƙarshen shekarun 1940 Leupold suka fara cika shi da iskar naitirojin. Winchester ne suka fi kowa sauraron wannan koke. Model 70 da suka fitar a 1936 ta riƙe ƙugiyar Mauser, ta zo da hannun da ba ya taɓa madubi, da makulli mai mataki uku da ke juyawa a kwance, da kunama mai sauƙin gyara. Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life ya shafe shekaru yana yaba ta da harsashin .270, masu karatu kuma suna saye.

Sai 1964 ta zo. Ƙera Model 70 na cin lokaci da hannun ƙwararru, ga Remington sun fito da Model 700 tun 1962, wadda aka tsara don injin ya yi yawancin aikin, tana kuma harbi daidai. Winchester suka sake ƙira don rage kuɗi. Suka cire doguwar ƙugiya suka sa ɗan farce a fuskar sakata, zanen da ake yanka wa katako da hannu aka koma danna shi da inji, aka bar wani wagegen rami tsakanin bututu da katako. Maharba suka yi ca. O'Connor da kansa ya caccaki sabuwar ƙirar, kuma nan da nan tsofaffin da aka yi kafin 1964 suka yi tsada a hannun dillalai.

Bambancin da ake faɗa a kansa ƙarami ne a ido. A sabuwar ƙira sakata tura harsashi kawai take yi a gabanta, farcen ba ya kama shi sai an kulle. In mutum ya ruɗe ya jawo baya kafin ya kulle, harsashin farko yana nan a maƙogwaro, ya sake turawa na biyu ya dunguri bayansa, bindiga ta cushe. Mai tsohuwar ƙugiya ba ya shiga wannan hali, don abin da ta kama da shi take dawowa. Amma a yi adalci: mutum nawa ne cikin masu wannan hayaniya zaki ya taɓa taso wa? Model 700 mai turawar ce aka sayar fiye da miliyan 5, a kanta kuma sojojin Amurka suka gina bindigogin gwanayen harbinsu, M40 da M24. Ina ganin abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne an rage wa kaya daraja an kuma kira shi ci gaba. Ko mene ne dai, Winchester suka sauko. A 1992 aka dawo da ƙugiyar, aka sa wa bindigar suna Classic.

Zancen kunama ya fi wannan nauyi, don a nan an yi asarar rayuka. Maharbi yana son kunama mai laushi da ke tashi ba tare da jan ƙafa ba, domin mai tauri tana karkatar da saiti. Mike Walker ya tsara wa Remington irin wannan tun ƙirar 721 ta 1948, kuma an yabe ta ƙwarai. Daga baya ƙararraki suka yi ta zuwa kotu, ana zargin wasu bindigogin suna tashi da zarar an buɗe makulli, babu wanda ya taɓa kunama. Abin da ya ƙara muni, a tsofaffin ƙirar sai ka buɗe makulli kafin ka iya ɗaga sakata ka fitar da harsashi, sai a 1982 aka cire wannan. Kamfanin ya dage cewa datti ne ko taɓa-taɓen masu bindiga ke jawo haka, amma a 2014 ya amince zai sauya kunamar miliyoyin bindigogi, ba tare da ya amsa laifi ba. A tsakanin nan sauran masana'antu suka tsorata da lauyoyi, suka koma yin kunama mai taurin tsiya. Savage ne suka warware kullin a farkon shekarun 2000 da AccuTrigger, wani siririn harshe a tsakiyar kunama, wanda in yatsa bai danne shi ba bindiga ba ta tashi ko ta faɗi ƙasa. Yau kamfanoni da yawa suna da irin nasu. Su ne dai Savage ɗin suka tuna da bahagwai tun 1959, lokacin da sauran suka bar bahago yana miƙa hannu ta saman madubi yana lalubar sakata.

Tsatsa da katako ba su ja dogon faɗa ba, kowa ya yarda cuta ce. Ƙyastun da ke gindin harsashin zamanin da yana barin wani gishiri a bututu mai jawo laima, dole a wanke da ruwan zafi ranar da aka yi harbi, in ba haka ba a wayi gari ciki ya yi ja. An samu maganinsa a ƙarshen shekarun 1920, ko da yake harsasan soja na Amurka sun ci gaba da tsohon ƙyastu har farkon shekarun 1950. Katakon wolnot kuwa kyakkyawa ne, amma in ya sha ruwa sai ya murɗe ya danni bututu, saitin da aka yi da rani ya tashi a banza da damina. Irin su Gale McMillan suka fara ƙota ta faiba a shekarun 1970, ƙarfen da ba ya tsatsa ya biyo baya. Ba su da kyan gani, kuma na san masu bindigar gado da ba za su ko taɓa su ba, amma mai kwana a daji cikin ruwa ya san amfaninsu.

Nauyi ne ƙorafin da ya ƙi ƙarewa. Bindigar farauta ɗaukarta ake yi wuni guda, a harba sau ɗaya ko ma ba a harba ba, don haka mai hawan dutse kullum so yake a rage. A tsakiyar shekarun 1980 Melvin Forbes na jihar West Virginia ya fara ƙera masu nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba. Sai dai albarushi ba ya sani ba ya sabo. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke dawowa kafaɗa, kuma iya sauƙin bindiga iya zafin naushinta. Wanda ta nausa sau biyu sai ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, ya kuskure abin da da tsohuwar mai nauyi zai samu. Aka ce to a ɗaura wa hancinta wani ƙarfe mai ƙofofi da ke watsa iskar gefe. Naushi ya ragu, ƙara kuma ta koma kunnen maharbin da na ɗan rakiyarsa, har wasu masu jagorar farauta ba sa son a zo musu da ita. Yanzu abin da ake nema shi ne bututu mai zare a baki don ɗaura abin rage ƙara, wanda a Norway da Finland da Birtaniya ya zama ruwan dare a hannun maharban barewa. Yana kare kunne, yana rage naushi, yana kuma ƙara tsawo, sannan wani kaso na nauyin da aka sha wahalar ragewa ya dawo ya zauna a can ƙarshen bututu.