Heligan, inda kashin doki ke nunar da abarba

Daga Landan zuwa St Austell, can kudu maso yammacin Ingila, tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai a jirgin ƙasa. Daga nan sai mota zuwa Heligan, kusa da Mevagissey, garin masunta. Gandun dangin Tremayne ne, sun riƙe shi fiye da shekara 400. Shi babban gidan an rarraba shi an sayar wa mutane tun shekarun 1970, baƙo ba ya shiga. Lambun ake zuwa gani.

A da, irin waɗannan gidaje ba su dogara da kasuwa ba. Kabeji, albasa, wake, dankali, inabi, duk a bayan gida ake noma su, wasu a cikin katanga mai tsawo wadda ke tare iska, ta sha rana ta riƙe ɗumi har dare. Akwai ma wata katanga da aka yi wa ramuka don ajiye amya.

Amma ramin abarba ne zai tsayar da ɗan kasuwa. Ku da kuke lodin abarba daga Kwatano ko kudancin Ghana zuwa arewa, kun san ba ta son sanyi ko kaɗan. To yaya aka yi ta nuna a Ingila? Wani dogon rami ne na bulo, an rufe shi da gilashi. Gefe da gefe akwai kwalbatoci da ake cikawa da ɗanyen kashin doki haɗe da ciyawar shimfiɗarsa. Idan ya fara ruɓewa sai ya yi zafi, zafin ya bi ta ƙofofin da aka bari a jikin bulon ya shiga wurin shukar. Da ya huce, a kwashe a zuba sabo. Haka za a yi ta fama wajen shekara biyu kafin a yanki ɗaya. Wallahi aikin ya fi ƙarfin abarbar. Sai dai mai gida ba don ci kawai yake yi ba, so yake baƙinsa su gan ta a kan teburi su san da wa suke zaune. Da jiragen ruwa suka fara kawo abarba da araha, wannan alfarma ta faɗi.

Yaƙin duniya na farko ya ƙarasa sauran. Ma'aikatan lambun suka tafi fagen daga, da yawansu ba su dawo ba. Ƙaya da kurmi suka rufe wurin shekara da shekaru.

A 1990 Tim Smit da John Willis, wanda jinin Tremayne ne, suka kutsa da adda. A wani ɗan ban-ɗakin ma'aikata suka tarar da sunaye a bango, an rubuta da fensir, da kwanan wata: Agusta 1914, watan da Ingila ta shiga yaƙin. Ɗakin ƙanƙane ne, sai ka matsa sosai kafin ka iya karanta rubutun.

An buɗe lambun ga jama'a a 1992, aka kuma tada ramin abarbar. A 1997 aka aika wa Sarauniya Elizabeth ɗaya daga cikin na farko da suka nuna, lokacin da aurenta ya cika shekara 50. Wanda zai je ya tafi da takalmi mai ƙwari da rigar ruwa, don yankin Cornwall ba ya rabo da yayyafi.