Wuta-wuta: Darasi Daga Gonar Dawa

 

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a ƙarshen damina zai ga wasu gonakin dawa da gero sun yi ado da furanni masu ruwan hoda. Baƙo zai ce masha Allah, mai gona kuwa zai yi salati, domin ya san wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji.

Ciyawa ce mai siririn kara da ganye mai kaushi, tsayinta bai cika wuce ƙugun mutum ba. Irinta ƙanana ne kamar ƙura. Tushe ɗaya yakan zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba ruwan sama kaɗai ke tashe su ba, sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa. Daga nan sai tsiron ya manne wa saiwar kamar matsattsaku, yana tsotse ruwa da abinci har makonni kafin ya leƙo waje. Ranar da manomi ya ga fure, an riga an yi ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa. Ta fi samun wurin zama a gonar da ta gaji, wadda aka daɗe ba a kai mata taki ba.

Duk lokacin da na yi tunanin wannan ciyawa, riya ce ke faɗo mini a rai. Ba ta hana aikin alheri tsirowa, jikinsa take bi. Mutum yana sallar dare, yana sadaka, yana rubuta nasiha a intanet, alhali son a yaba masa yana tsotse ladan ta inda ido ba ya kaiwa. Manzon Allah (SAW) ya ji mana tsoronta, ya kira ta ƙaramar shirka. Ni ma da nake wannan rubutu ban fi ƙarfin tambayar kaina ba: don wa nake yi?

Manoma ba su yanke ƙauna ba. Suna tuge ta kafin ta zubar da iri, suna kai taki, suna sauya shuka da waken soya ko auduga, waɗanda ke sa irin ya tsiro amma ya rasa abin kamawa, ya mutu. Babu manomin da ya daina noma don tsoron wuta-wuta. Haka kai ma, ɗan'uwa, kada ka bar aikin alheri don gudun riya. Ka sabunta niyya kafin aiki da tsakiyarsa, ka ciyar da zuciya da ilimi da zikiri, ka kuma ajiye wata ibada da babu wanda ya san da ita sai Allah.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya sa wa gonakinmu albarka. Amin. Wassalamu alaikum.