Ciyawar Tsakar Gida A Agege

Wani dattijo mai fataucin goro ya shekara 30 a Agege, tsakar gidansa kullum a share tas, irin ta Kano. Amma ruwan Ikko ba na Arewa ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuli ya kan zuba kamar da bakin ƙwarya, yana kwashe ƙasa, har gindin katangarsa ya fara bayyana. Aka ba shi shawara ya sa ciyawa, domin saiwarta ke riƙe ƙasa.

Zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya watsa irin kiri-kiri mai araha, ko ya sayi wadda masu lambu ke yankowa da ƙasarta, a shimfiɗa kamar tabarma. Ya bi araha, ya watsa iri cikin Yuni. Kafin ya tsiro, ruwa ya kai shi kwata, sauran kuwa kaji suka tsince.

Mai lambu ya ce, "Alhaji, iri sai da yayyafi. Ta shimfiɗa kuwa, mako uku ta kama ƙasa."

Ya biya, katanga ta tsira. Mutumin da ya tashi yana nome ciyawa a gonar mahaifinsa, yau shi ke ba ta ruwa da rani.