Hular Kwano Da Ƙwarya

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda ake hatsarin babur a finafinanmu? Kyamara ta girgiza, a ji ƙarar birki, sai ga jarumi a gadon asibiti an naɗe masa kai da bandeji, uwa tana kuka, a ce ƙaddara ce. Darakta ba zai nuna mana gudun da yake shararawa ba, balle wani ya tambayi ina hular kwanonsa.

A kan titi ma haka muke. Da zarar mota ta yi karo da babur, kafin a ɗauke gawa an yanke hukunci: mai mota ne da laifi, tunda abin hawansa ya fi girma. Ba mai cewa yaron aron hannu ya yi, ko kuwa sakin kan babur ya yi yana wasa a rakiyar amarya.

Ni ma na yarda da ƙaddara, wallahi. Amma ka tuna Janairun 2009, da jami'an kiyaye haɗurra suka wajabta sa hular kwano? Wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a kai, mu kuma muka yi ta dariya. Ƙwaryar da ko daga hannun mai fura ta suɓuce sai ta dare biyu!